Hoton ɗan ƙwallo a jikin kwalba: wa ake yi wa tallan nan?

Koci Garin Malam: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi mini haƙuri, maganar da ɗan tsawo, amma tun jiya take cina. Waɗanda suka san ni sun san ina horar da yara ƙwallo bayan la'asar, ƴan shekara 9 zuwa 14. Jiya wani yarona, wanda duk cikinsu babu mai ƙafarsa, ya zauna ƙasa tun ba mu yi rabin awa ba, ya ce jiri yake ji. Na ja shi inuwa, na tambaye shi me ya ci tun safe. Ashe uwarsa ta ba shi dala hamsin kuɗin kari, ya haɗa da na shekaranjiya da ya ɓoye, ya sayi lemon kwalba da ledar soyayyen dankali. Ba koko, ba ƙosai, ba fura. Na ce don me? Ya ce, "Koci, ai shi manyan ƴan wasa ke sha." Yana kallon idona ya faɗe ta, babu alamar wasa. Har takardar jikin kwalbar ya ɓare ya liƙa a bangon littafinsa, saboda hoton ɗan wasan da ke kai.

Ba yaron nake zargi ba, ba uwarsa ba. Abin da ke damuna shi ne wanda ya zauna ya tsara a ɗauki mutumin da ya yi shekara ashirin yana gina jikinsa da horo da kiyaye abin da yake ci, a miƙa masa kwalbar ruwan sukari ya yi murmushi, a aiko wa yaro ɗan shekara 11. Ba su ce "sha wannan ka zama gwani" ba. Ba sa bukatar faɗa. Yaron zai haɗa maganar da kansa. Iyaye, ku ma kuna ganin haka a gidajenku, ko ni kaɗai ne?

Uwar Tagwaye: Wa alaikumus salam Koci. Wallahi kamar a ɗakina ka kwana. Nawa biyun in sun dawo daga gidan kallon ƙwallo ba sa maganar wanda ya ci, maganar abin da aka nuna lokacin hutun rabin lokaci suke. Ƙaramin ya taɓa ture tuwon gero, wai abincin ƙauye ne. Ranar na yi kuka a madafa ba su sani ba.

Alhaji Mai Kanti: Koci, ina girmama ka, amma bari mu faɗi gaskiya. Wane McDonald's, gidan abincin nan na Turawa, gare mu a Damagaram? Ko a Yamai babu. Wannan damuwar ta Turawa ce, waɗanda yaransu ƙiba ta yi musu yawa. Mu nan ku je Magarya ko Matamai ku ga yaran da tamowa ta kwantar. Yaron da ya samu lemo ya sha ai ya gode wa Allah. Ni a kantina na kasuwar Dole abin da mutane suka nema nake kawowa, ban taɓa kama hannun ɗan kowa na ce sai ya saya ba.

Malamar Asibiti: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka ba ni dama. Maganar tamowa da ka kawo ita ce ma hujjar Koci. A ƙasar nan fiye da yara huɗu cikin goma ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, kuma jiharmu tana cikin inda abin ya fi tsanani. To gidan da abin da yaro zai samu na kari duka-duka dala hamsin ne, in kuɗin nan ya tafi kan ruwan sukari, me ya rage? Yaron Bature in ya sha lemo, zai koma gida ya tarar da madara da ƙwai da nama. Namu lemon ne ya maye gurbin abincin, ba ƙari ba ne a kansa.

Ga lissafin. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari giram 35, an rubuta a jikinsa. Kusan ƙaramin cokali tara ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in so samu ne ma ya tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25 ga babba. Babba fa na ce. Gwangwani ɗaya ya wuce wannan, kuma babu sinadarin gina jiki ko ɗaya a ciki, babu na ƙarin jini. Sukarin yana shiga jini da sauri, yaro ya ji kamar ya samu ƙarfi, yunwa ta lafa na ɗan lokaci, sannan ya bar shi fayau. Yaron da ya yini a kan wannan, ya fita gudu cikin zafin garin nan, jiri ba abin mamaki ba ne. Haƙora kuwa ba a magana, muna ganin yaran da ba su gama famfara ba amma turamensu duk sun ruɓe.

Alhaji Mai Kanti: Malama na ji, ban musa lissafinki ba. Amma laifin wa? Ni dai ɗan kasuwa ne.

Malamar Asibiti: Ban ce kai ba ne, Alhaji. Kai ma kawo maka aka yi da hoton a jiki.

Ɗan Birni: Ku gafarce ni iyayena, ni ƙarami ne a nan amma zan ce wani abu. Messi ya yi tallan Pepsi da soyayyen dankalin Lay's, Mohamed Salah ma ya yi tallan Pepsi. To sai me? Sana'arsu ce. Ɗan ƙwallo shekarunsa na wasa ƙidayayyu ne, in bai tara yanzu ba yaushe zai tara? Kuma wa ya ce ba sa ci? Usain Bolt da bakinsa ya ce a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 kusan gutsuren soyayyar kaza ɗari na McDonald's yake ci kullum, har kwana goma, kuma a haka ya karya tarihin duniya a mita 100 da mita 200. In abincin guba ne, ta yaya ya yi gudun?

Koci Garin Malam: Ƙanena, na ji daɗi da ka kawo Bolt, don yarana ma sun taɓa kawo mini shi. Kwana goma ya ce, kuma ya faɗi dalili: abincin ƙasar ne bai karɓe shi ba. Ƙafafun da suka yi gudun nan ba a kwana goma aka gina su ba. An gina su a Jamaika, shekara da shekaru, kuma da aka tambayi mahaifinsa sirrin, doyar yankinsu na Trelawny ya ambata. Doya fa, ƴar uwar rogo da dankalinmu. Amma wa zai biya miliyoyi a liƙa hoton Bolt a jikin doya? Sannan mutumin da ke horo awa da awanni kullum, da likita da mai tsara masa abinci a bayansa, abin da jikinsa zai ƙone ba ɗaya ba ne da na yaron da ke zaune a aji tun ƙarfe takwas. Ban ce guba ba ne. Cewa na yi ba shi ne ya mai da su abin da suke ba, kuma tallan so yake yaro ya ɗauka shi ne.

Ɗalibar Likitanci: Kawu Koci, bari in ƙara da wani abu da na karanta. A 2013 mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta buga wani bincike kan manyan ƴan wasa 100 da tallace-tallacen da suke yi. A cikin nau'o'in abinci 62 da suke tallatawa, kashi 79 cikin 100 masu yawan maiƙo da sukari ne marasa amfanin kirki ga jiki. A cikin abubuwan sha 46, kashi 93 duk ƙarfin da ke cikinsu daga sukarin da aka zuba ne. Waɗanda suka fi yawan irin wannan talla su ne Peyton Manning da LeBron James da Serena Williams. Abin da ya fi tsaya mini a rai, sun gano matasa ƴan shekara 12 zuwa 17 sun fi manya ganin tallan nan a talabijin. Ke nan ba kuskure ba ne ya sa yake isa wurin yara.

Ɗan Birni: Amma ai Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola. Ba duka suka zama ɗaya ba.

Ɗan Zango a Faransa: Haka ne, a watan Yunin 2021, lokacin gasar Turai, a Budapest kafin wasan ƙasarsa Portugal da Hangari. Ya zauna gaban ƴan jarida, ya janye kwalabe biyu gefe, ya ɗaga gorar ruwa ya ce "ruwa" da harshensu. Washegari Paul Pogba ya sauke kwalbar giyar Heineken daga gabansa, shi kuma saboda addini. Na ji daɗin abin da suka yi, ba zan ɓoye ba. Sai dai mu cika maganar: Ronaldon nan a baya ya yi tallan Coca-Cola, ya kuma yi wa KFC talla a ƙasashen Larabawa, yana riƙe da bokitin soyayyar kaza. Pogba kuma ya fito a tallan Pepsi. Ni abin da na ɗauka daga ranar shi ne: mutumin ya san abin da yake sa wa cikinsa, ya kuma san abin da ba ya sa wa. Duk sun sani. Yaron Koci ne kaɗai ba a gaya wa ba.

Kuma ku lura abin ya fi ƙarfin ɗan wasa ɗaya. Coca-Cola tana tare da Olamfik tun 1928. McDonald's tana ɗaukar nauyin Kofin Duniya tun 1994, kuma shekaru da dama yaran nan da kuke gani suna riƙe da hannun ƴan wasa ana shiga fili, da tambarinta a rigunansu suke shiga. Ku yi tunanin yaron da ke kallo a gidan kallo a Sabon Gari. Ya ga sa'ansa riƙe da hannun gwaninsa, ya ga tambarin a ƙirjinsa. Ko bai taɓa ganin ƙofar shagon ba, an riga an shuka masa. PepsiCo kuwa, kamfanin da ke yin Pepsi, tana cikin masu ɗaukar nauyin gasar zakarun Turai tun 2015, wadda yaranmu ba sa bari ta wuce su daren Talata da Laraba.

Alhaji Mai Kanti: To ai ka faɗa da bakinka, bai taɓa ganin ƙofar shagon ba.

Uwar Tagwaye: Alhaji, ƙofar ta zo har unguwa. Ka zaga gari da dare ka ga wuraren shawarma da hambaga da suka buɗe cikin ƴan shekarun nan. Akwai wanda ke kusa da mu, an zana hoton wani ɗan wasa ƙato a bangonsa, riƙe da burodin. Na tabbata ɗan wasan bai san ma akwai wurin a duniya ba. Yara suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Shawarma ɗaya jika guda ko fiye, kuɗin da zai yi mini cefanen miya. Ga kuma lemukan nan masu cewa suna ƙara ƙarfi da ke shigowa ta iyaka, masu hoton zaki da walƙiya, yara na sha kafin su fita ƙwallo.

Malamar Asibiti: Waɗannan na ƙarshen sun fi tayar mini da hankali, Yaya. Ban da sukari akwai sinadarin kafeyin a ciki, irin na kofi, mai sa bugun zuciya ya ƙaru ya hana barci. Da yawansu an rubuta a jiki da ƙananan haruffa cewa ba na yara ba ne. Wa ke karantawa? Hoton babba, gargaɗin kamar ƙafar tururuwa.

Hajiya Mai Zoɓo: Ni zan faɗi wadda ba za ta yi wa kowa daɗi ba, har ni. Shekara goma sha biyar ina sayar da zoɓo da lamurje a ƙofar lakwal. Na san yawan sukarin da nake zubawa, kuma in na rage yara ba sa saye, sai su wuce wurin ta gaba. Shayin da mazanmu ke dafawa fa, ana ba yaro na uku ya sha? Alkakinmu da muke alfahari da shi fa? Kada mu ɗora wa Messi komai mu wanke kanmu.

Mushe Mai Ritaya: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, wannan gaskiya ce kuma ba kowa zai faɗe ta a kan sana'arsa ba. Sai dai akwai bambanci. Ke ba ki taɓa ce wa yaro zoɓonki zai kai shi Real Madrid ba. Yaro ya san alkaki kayan daɗi ne, na biki da salla. Ba a haɗa masa shi da jarumta ba.

Na yi shekara talatin da biyu ina koyarwa a firamare. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas bai iya raba talla da labari. In ya ga abu a talabijin, a wurinsa ya faru ne. In ya ƙara girma yakan gane ana son a sayar masa da abu, amma a lokacin ne kuma son gwani ke kama shi, ya yi askinsa, ya yi tafiyarsa, ya rubuta lambarsa a bayan riga da alli. Masu talla sun san wannan fiye da mu malamai. Shi ya sa wasu ƙasashe ba su bar wa iyaye kaɗai ba. Lardin Kebek na Kanada ya hana yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 13 talla tun 1980. Ƙasar Chile a 2016 ta tilasta a buga baƙin tambari a gaban duk abincin da sukari ko gishiri ko maiƙo ya yi wa yawa, ta hana sa hotunan zane na yara a jikinsa, ta hana sayar da shi a makarantu. Ingila ta sa haraji kan lemuka masu sukari a 2018, kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Maƙwabtanmu Najeriya ma sun sa naira 10 a kan kowace lita. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce a yi doka mai tilastawa, kada a dogara da alkawarin kamfanoni. Kuma Ingilar nan da yaranmu ke kallon ƙwallonta, a 2022 ta hana sa fitattun ƴan ƙwallo a tallan caca, saboda ta yarda yara na bin su. In an yarda da haka a caca, an yarda ke nan cewa fuskar ɗan wasa tana jan yaro.

Ɗan Birni: Baba Mushe, dokar Nijar za ta hana Canal+ nuna talla daga Turai? Ko ta hana TikTok?

Mushe Mai Ritaya: Ba za ta hana ba, ɗana. Amma za ta iya hana sayar da lemon ƙarin ƙarfi a ƙofar makaranta, kuma wannan ko doka ba a jira, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye sun isa.

Malam na Tudun Jamus: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Abin da zan ce kaɗan ne. Wanda ya riƙe kaya ya nuna wa jama'a yana murmushi, shaida ya bayar cewa kayan na da kyau. In ya san shi kansa ba ya rayuwa a kansa, kuma ya san yara ne za su gaskata shi, to ya duba wace irin shaida ya bayar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a kan abinci ya faɗe ta, da ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Lemo ba haram ba ne, kada wani ya ce na ce. Ɓoye aibi a nuna kyau shi ne abin dubawa. Alhaji, kai ma za ka iya taimakawa: in ƙaramin yaro ya zo da sassafe da kuɗin kari, ka tambaye shi ko ya karya.

Alhaji Mai Kanti: Allah ya gafarta Malam, wannan zan iya. Na ƙarin ƙarfin ma zan ce wa yaran shago kada su ba ƙananan yara. Amma lemo dai zan ci gaba da sayarwa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Koci Garin Malam: Ya isa, Alhaji, na gode. Bari in ba ku labarin yau. Na sa aka dama fura da nono a gida, na kai fili cikin kula, bayan horo kowa ya samu kofi. Sun sha, har da neman ƙari. Na kuma kai sukari da cokali, na auna tara cikin kofin gilashi a gabansu, na ce ga abin da ke cikin gwangwani ɗaya, wa zai iya haɗiye shi haka? Suka yi ta yamutsa fuska. Sai yaron nan na jiya ya ce, "Koci, to wane babban ɗan wasa ne ke shan fura?" Na ambaci Alfaga, da ya ciyo mana azurfa a taikwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, na ce ɗan ƙasar nan ne kamarku. Ya ce, "Ka ga ya sha?" Na ce ban gani ba. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Su suna da hoto, ni baki kawai gare ni.

Tsohon Ɗan Kokowa: Koci, ɗana ne ke karanta mini saƙonnin nan, shi ke rubuta wannan. Ni ban taɓa ɗaukar takobin zakaran kokowar ƙasa ba, amma na yi shekara goma sha ɗaya ina shiga fili, na tsaya gaban mazaje a filin Langa-Langa gari ya cika. Duk lokacin da aka killace mu kafin gasa, abincinmu fura ce da nono, tuwon gero, wake, nama in an samu, da dabino. Yanzu shekaruna 58, har gobe ina ɗaga buhun gero in ɗora a amalanke ba mai kama mini. In yaron hoto yake so, ni zan zo ya gan ni da idonsa, in sha furar a gabansa, ya gwada ture ni in zai iya. Akwai abokaina biyu da muka yi zamani tare, zan taho da su.

Uwar Tagwaye: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Koci, in an yarda zan kawo nawa biyun ko da ba sa cikin ƙungiyar. Nonon ranar kuma a kaina.

Hajiya Mai Zoɓo: Ni zan kawo gero tiya biyu.

Ɗan Birni: Zan zo in ɗauki bidiyo da wayata, in Baba ya amince a sa shi.

Tsohon Ɗan Kokowa: Na amince. Wace rana?

Koci Garin Malam: Alhamis bayan la'asar, Baba, a filin da muke horo. Zan turo yaro da babur ya ɗauko ku. Hajiya, geron ya iso gidana ran Laraba da safe don a samu surfawa.